Wasiyya Tun Ana da Rai

Karatu: Ishaya 38:1-8, Littafin Ƙidaya 27:1-11, Irmiya 32:6-15

'Yan'uwa, da yawa cikinmu suna jin tsoron wasiyya, suna cewa wanda ya rubuta ta ya kira wa kansa ajali. Ku dubi Hezekiya sarkin Yahuza. Yana kwance ba lafiya, annabi Ishaya ya zo ya umurce shi ya shirya al'amuran gidansa. Sarki ya yi kuka, ya yi addu'a, Ubangiji kuwa ya ƙara masa shekara 15. Ashe maganar shiri ba ta rage masa kwana ko ɗaya ba.

Amma ba domin kanmu muke yin wasiyya ba, domin marasa ƙarfi ne na cikin gidanmu. Zelofehad ya mutu a jeji ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata biyar suka tsaya gaban Musa suna neman gādon ubansu. Allah ya ce gaskiyarsu. Su kam ba su daɗe suna jira ba. A ƙasarmu fa? Wani mutum mai suna Ukeje ya rasu cikin 1981, ya bar dukiya a Legas, bai bar wasiyya ba. Aka hana 'yarsa rabo bisa ga al'ada, wai mace ba ta cin gādon uba. Sai ran 11 ga Afrilu 2014, Kotun Ƙoli a nan Abuja ta yanke cewa al'adan nan ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Fiye da shekara 30 ke nan 'yan gida ɗaya suna ja da juna. Ina zumuncin da ya ragu?

Irmiya ya koya mana yadda za a yi. Da ya sayi gona a Anatot, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Dokar yau ma haka take so: a rubuce, ka sa hannu gaban shaidu biyu suna tare, kada kuwa shaidan ya zama mai cin gādon. Ana iya ajiye ta a ofishin gādo na Babbar Kotun Abuja.

Ku lura da abu biyu, gama sun sa gwauraye da yawa hawaye. Tun 1976 ƙasar Birnin Tarayya tana hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka takardar da dagaci ya ba ka ba daidai take da ta minista ba. Mai gida a Kubwa ko Karu ko Gwagwalada ya bincika tasa tun yau, ya nuna wa matarsa wurin da take. Na biyu, sunan ɗan'uwa mafi kusa da ka rubuta a banki bai mai da shi magaji ba. In ba wasiyya, sai iyalinka sun nemi takardar izini daga kotu kafin su taɓa ko kobo. Bashi kuma, wanda ake binka da wanda kake bi, kada kunya ta sa ka ɓoye shi.

Tambaya domin taro: in maigida ya rasu cikin ikilisiyarmu, danginsa suka zo kwashe kaya, me dattawa za su yi tun ba a tashi daga zaman makoki ba?