Ƴan'uwantakar zakoki: shin kowane haɗin kai alheri ne?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya halicci dabbobin gida da na dawa, ya ba kowace halitta ɗabi'arta, kuma ya keɓe ɗan Adam da hankali da ɗaukar amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mafarin wannan rubutu wani zama ne da muka tarar a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Samari ne a fadarsu sun kewaye butar shayi, sun haɗa kawuna bisa wayar ɗayansu, suna kallon wasu zakoki shida masu baƙar geza suna tafiya jere cikin daji. Da muka yi sallama, ɗaya daga cikinsu ya ce: "Malam, zo ka ga ƴan'uwantaka ta gaskiya. In da haka muke, wa ya isa ya taɓa mu?" Ba mu ba shi amsa a daren ba, domin bai kamata mutum ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba. Yanzu mun bincika, ga kuma abin da muka samu.

Mu a nan ƙasar sunan zaki ya fi zaki yawa. Muna yi masa kirari da manyan dawa, muna kiran sarki da sunansa, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin rurinsa. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, kuma mafi yawansu suna cikin dazuzzukan W da Arli da Panjari, inda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa iyaka. Saboda haka yawancin abin da aka sani game da zaman zakoki ya zo ne daga gabashi da kudancin Afirka, musamman dajin Serengeti na Tanzaniya, inda masana suke bin garkunan zaki ɗaya bayan ɗaya tun 1966.

Abin da suka gano shi ne garke na mata ne. Zakanya tana zama inda aka haife ta, tare da uwarta da ƴan'uwanta mata. Namiji kuwa, idan ya kai shekara biyu zuwa huɗu, sai a kore shi, ya shiga yawo ba ƙasa ba garke. Wanda ya fita shi kaɗai da wuya ya sami mulki. Don haka maza suke ƙulla ƙawance, biyu ko uku ko fiye, su yi farauta tare har su ƙasaita, sannan su far wa mazan wani garke su ƙwace shi. Mulkin da suka ƙwata ba ya daɗewa: a Serengeti bai cika wuce shekara biyu ko uku ba kafin wasu su zo su yi musu abin da suka yi wa na gabansu.

A nan ne wani abu mai nauyi yake shigowa. Zakanya mai shayarwa ba ta karɓar namiji sai ƴaƴanta sun kai kusan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Sabbin mazan kuwa ba su da lokacin jira. Sai su kashe ƙananan ƴaƴan da suka tarar, uwayen su koma neman namiji cikin ƴan kwanaki ko makonni, bayan kwana 110 a haifi nasu. A Serengeti an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴaƴan zaki da ke mutuwa a shekararsu ta farko ta wannan hanya suke mutuwa. Wannan ba ya cikin abin da samarinmu suka nuna mana a waya.

Zakokin da suke kallo ana kiransu Mapogo. Sun rayu a gandun dajin Sabi Sand, mai faɗin kimanin ekta 65,000, a gefen babban dajin Kruger na Afirka ta Kudu. Biyar daga cikinsu ƴan garke ɗaya ne, sun tashi tare. Na shidan, wanda ake kira Makulu, ya girme su. Wajen 2006 suka bar garken da suka tashi, kuma cikin ɗan lokaci suka mamaye yawancin gandun, suka mallaki garkuna da dama lokaci guda. Ƙarfinsu ya kai su kayar da ɓauna da raƙumin dawa. Zakokin da suka kashe, maza da mata da ƴaƴa, suna da yawa har masu gadin dajin suka shiga damuwa kan yadda adadin zakokin wurin ya ragu.

Daga baya suka rabu. Biyu daga cikinsu, ɗaya ana kiransa Mista Ti, ɗayan ana gane shi da lanƙwasasshiyar wutsiya, suka riƙe gabas, sauran huɗun suka zauna yamma. A watan Yuni na 2010 wasu samarin zakoki biyar da ake kira Majingilane suka shigo daga wajen Kruger. Biyun na gabas suka tare ɗaya daga cikinsu suka kashe shi. Ba a daɗe ba sauran huɗun suka rutsa mai lanƙwasasshiyar wutsiya suka danne shi. Mista Ti ya zo ya faɗa cikinsu don ya cece shi, aka fi ƙarfinsa, ya gudu da rauni, suka kashe ɗan'uwansa. Wannan wurin ne yake sa masu kallo hawaye, kuma ba mu musun cewa akwai abin tausayi a ciki.

Amma a ji abin da ya biyo baya. Mista Ti ya koma yamma wurin ƴan'uwansa, suka karɓe shi. Ya tarar da ƴaƴan da suka haifa a lokacin da ba ya nan, ya shiga kashe su, ƴaƴan ƴan'uwansa na jini. Shi kansa a watan Maris na 2012 wasu zakoki huɗu da ake kira Selati suka kashe shi. Makulu, tsohon cikinsu, ya ƙare rayuwarsa yana yawo ba garke, kuma an yi masa ganin ƙarshe a farkon 2013.

To, kafin mu ci gaba, wajibi ne mu yi wa dabba adalci. Zaki ba mukallafi ba ne. Ba a aiko masa da manzo ba, ba a ɗora masa halal da haram ba, kuma kalmar zalunci ba ta hau kansa yadda ta hau kan mutum. Abin da yake yi ɗabi'a ce da Mahalicci ya gina shi a kanta, bisa hikimar da wani sashenta muke gani, wani sashen ya ɓoyu gare mu. Wasu masu kallo sun laƙaba wa Mista Ti sunan Shaiɗan, kuma a ganinmu wannan kuskure ne, daidai da kuskuren waɗanda suka mai da shi gwarzo. Maganarmu tana kan ɗan Adam da ya kalli wannan ya ce shi ma haka yake so ya zama.

Mun saba yabon haɗin kai ba tare da tambaya ba. Muna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne. Malam Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya yi bayani mai tsawo cewa mulki ba ya kafuwa sai da asabiyya, wato ɗaurin da ke sa jama'a su tsaya wa juna har mutuwa, kuma idan wannan ɗauri ya saki, wasu masu sabon ɗauri sukan zo daga jeji su karɓe. Wanda ya karanta wannan ya dubi Mapogo da Majingilane da Selati zai yi mamakin yadda maganar ta dace. Sai dai malamin yana bayanin yadda mulki ke tashi da faɗuwa ne. Bai ce duk abin da asabiyya ta kafa daidai ne ba.

Binciken jinin zakokin Serengeti da aka buga a 1991 ya ƙara wani haske. Idan maza biyu ne ko uku, sau da yawa ba dangin juna ba ne, buƙata ce ta haɗa su. Idan kuwa sun kai huɗu ko fiye, ƴan'uwa ne na jini, kuma a irin wannan babban taro wasu ne ke haifar yawancin ƴaƴa, wasu su tashi da kaɗan ko babu. Ma'ana, zaki ba ya yarda ya yi yaƙi ya tashi hannu wofi sai idan ribar za ta koma ga jininsa. Ƙawancensa lissafi ne, ko da shi bai san yana lissafi ba. Mu tambayi kanmu, ƙungiyoyi nawa ne a garuruwanmu, na kasuwa da na siyasa da na unguwa, waɗanda in an cire rabon ganima daga cikinsu za su kai wata guda?

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin wani taron ƴan'uwa a cikin Suratu Yusuf. Maza ne goma, uba ɗaya, masu ƙarfi, kuma da yawansu da ƙarfinsu suka kafa hujja cewa sun fi cancantar soyayyar mahaifinsu. Sun yi shawara, sun daidaita a kan magana ɗaya, sun rufa wa juna asiri shekaru masu yawa. Duk sharuɗɗan haɗin kai sun cika. Abin da haɗin kan ya haifar shi ne yaro ƙarami a cikin rijiya, da tsoho yana kuka har idanunsa suka yi fari. A gefe guda kuma akwai ƙawancen da aka ƙulla a Makka kafin annabci, a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, wanda ake kira Hilful Fudul. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ne aka hana shi kuɗin kayansa, ba shi da dangi a garin, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wannan zama yana saurayi, kuma bayan zuwan Musulunci ya ambace shi da yabo. Mutumin da aka haɗu dominsa ba ɗan'uwan kowa ba ne a cikinsu, kuma babu wanda ya ci riba da shi.

Saboda haka ma'aunin da muke gani ya dace a auna kowane taro da shi shi ne halin mai rauni da ya faɗo hannunsa, musamman wanda ba jininsa ba. A nan labarin zakoki ya shigo cikin gidajenmu. Mutum ya auri bazawara mai ƴaƴa, ya so uwar, ya ƙi agola. Ba ya kashe shi da haƙori, amma yana bambanta masa kwano, yana tura shi talla ko kiwo a lokacin da nasa suke makaranta, har yaron ya gudu ya shiga tasha. Ko kuma mutum ya rasu, ƴan'uwansa maza su haɗa kai, su yi magana da murya ɗaya, su raba gona da shago tun kafin matar ta gama takaba, marayu suna kallo. Sau nawa aka kawo mana irin wannan ƙara a zauren masallaci, kuma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne yadda masu yin haka suke alfahari da cewa su ba a jin kansu. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya auri Ummu Salama bayan rasuwar mijinta a shekara ta 4 bayan hijira, ya karɓi ƴaƴanta cikin gidansa. Ɗanta Umar ya girma yana cin abinci a akushi ɗaya da shi, a nan ya koyi ladubban ci, kuma daga bakinsa al'umma ta karɓe su.

Ba mu ce wa samarinmu su watse ba, Allah ya kiyaye. Fadar da ke tara kuɗi don jinyar ɗayansu, ko ta fita gyaran maƙabarta, ko ta raka gawar baƙo, muna yi mata addu'a. Kuma mun san abin da ke jan zuciyar saurayi ga waɗannan zakoki: shi ma an kore shi daga garke ta wata fuska, ba gona, ba aiki, ba halin aure, yana neman waɗanda za su tsaya masa. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma laifinmu ne mu manya idan bai same ta a masallaci da gida ba, har ya je nemanta wurin dabbobin Afirka ta Kudu.

Saura tambayar abin da Mapogo suka bari. Duk da yawan garkunan da suka mallaka, kaɗan ne daga ƴaƴansu suka kai girma, domin waɗanda suka gaje su sun yi wa ƙananan abin da aka saba. Cikin waɗanda suka tsira akwai ƴan mata huɗu na garken Tsalala. Lokacin da Majingilane suka karɓi ƙasar a 2010, wata tsohuwar zakanya ta garken, wadda ta rasa wutsiyarta tun da daɗewa, ta janye su ta bar sauran garken, ta yi nesa da su. Ita kaɗai take yi musu farauta, tana kauce wa rurin sabbin mazan, har suka girma suka iya kama nasu. Su ne suka kafa garken da ake kira Mangeni. Da suka isa haihuwa, Majingilane ɗin nan da suka kashe ɗaya daga iyayensu maza su ne suka zama uban ƴaƴansu, kuma ta wannan hanya jinin Mapogo ya ci gaba a Sabi Sand. Mun tambayi saurayin nan mai waya ko yana da hoton tsohuwar, ya duba ya ce bai taɓa jin labarinta ba, amma zai nemo.