Shinge da Gona

Ya mai karatu, ka taɓa ganin manomin da ya sayar da irinsa domin ya sayi ƙaya ta shinge? Shinge ba ya fid da zangarniya. Amma gonar da ba ta da shinge, awaki su ke girbe ta. Tambayar da ke gaban kowace ƙasa ke nan: nawa za a ba soja, nawa za a bar wa makaranta da asibiti?

Waɗansu sun ce kuɗin soja ya kan kawo arziki, gama ana samun aiki a bariki da ma'aikatar makamai. Gaskiya ne, ana samu. Amma kuɗin nan da an gina gada da shi, da ita ma ta ba mutane aiki, bayan haka hatsi ya bi ta kanta zuwa kasuwa shekara da shekaru. Harsashi kuwa sau ɗaya a ke harba shi. Shugaba Eisenhower na Amurka, shi kansa janar ne, ya yi lissafi a 1953 cewa kuɗin babban jirgin yaƙi ɗaya ya isa gina makarantu a garuruwa fiye da 30.

Dubi Kosta Rika. A 1948 José Figueres ya rushe rundunar sojan ƙasar, aka mai da babban bariki gidan tarihi, aka ƙarfafa makarantu da asibitoci. Yau fiye da mutum 95 cikin 100 sun iya karatu. Amma kada mu yi gaggawa. Sa'anda aka kawo mata hari daga wajen Nikaragua a 1955, ƙungiyar ƙasashen Amurka ce ta taimake ta. Watau ta jingina da shingen maƙwabta. Koriya ta Kudu ba ta sami wannan sauƙi ba. Ta riƙe babbar runduna tun 1953, duk da haka ta yi arziki, gama ba ta bar makaranta da sana'a ba.

Ashe laifin ba na shinge ba ne. Laifin na mai gona ne wanda tsoro, ko girman kai, ko kwaɗayin la'ada ya sa ya manta abin da ya ke tsarewa. A 2023 duniya ta kashe fiye da dala biliyan 2,400 a kan soja. Kowane kwabo a ciki gumin mai biyan haraji ne, amana ce kuwa.

Bari mu girmama mai gadi, mu biya shi hakkinsa. Amma mu riƙa tambayar shugabanninmu ba tare da tsoro ba: bayan shingen nan, me aka shuka?