Ko Ya Dace Gwani Ya Bar Ɗan Koyo Ya Kayar Da Shi?

A Sassumbrum, kamar sauran garuruwan ƙasar Magarya da Dungas da ke bakin iyaka da Najeriya, yaro ba ya rasa inda zai taɓa wasan bidiyo, ko a wayar yayansa, ko a rumfar mai tsohuwar PlayStation. Ƙwallon ƙafa ya fi jan jama'a, amma akwai masu son wasannin faɗa, irin su Street Fighter II da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, da Mortal Kombat na 1992, da Tekken na 1994. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da ɗan wasansa a allo, wanda ƙarfinsa ya riga ƙarewa shi ya faɗi. A duk inda ake wannan wasa, wata tambaya tana tasowa wadda ta girmi na'urar kanta: idan gwani ya zauna da ɗan koyo, shin alheri ne ya sassauta har yaron ya ci, ko kuwa cuta ce?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake koyo. Sabon shiga yana danna maɓallai duka a lokaci guda, yana ta tsalle yana kai duka, wani lokaci ma ya dace. Burinsa shi ne manyan dabarun nan masu walƙiya da ke sa ƴan kallo ihu. Amma tushen wasan ba ya can. Yana cikin karewa, da sanin tazarar da ƙafarka za ta isa abokin karawa tasa ba ta iso ka ba, da haƙurin jira. Waɗannan wasanni suna tafiya da hoto 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane bugu yana da adadin hotunan da yake ci kafin ya fita da kafin mai shi ya dawo daidai. Babban bugu idan aka kare shi, mai shi yana tsayawa a buɗe na ɗan ƙiftawar ido, a nan ne gwani yake ramawa. Ashe dai gwani da kurakuran abokin karawarsa yake ci.

Bahaushe bai jira Japan ta koya masa wannan ba. Ɗan dambe yana da hannun da aka naɗe, wato mashi, da wanda ya miƙa gaba a buɗe, wato garkuwa, kuma wanda ya san dambe garkuwar yake kallo da tsayuwar ƙafa. Haka a kokawa, wadda aka fara gasar takobinta ta ƙasa a Tawa a 1975: ƴan kokawa biyu sukan daɗe a duƙe suna taɓa hannu, baƙo ya ɗauka ba a fara ba, alhali rabin kokawar ke nan.

Masu goyon bayan sassauci suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Yaron da ya tara dala biyar ko goma ya zo, aka kayar da shi cikin daƙiƙa ashirin ana dariya, bai koyi komai ba sai kunya. Idan hakan ta maimaitu sau goma, zai tashi ya bar wurin, kuma wanda ya bar fage ba ya zama gwani. Ɗan nasara kaɗan, in ji su, ita ce ke riƙe zuciya har ilimi ya samu shiga.

Sai dai hannu ba ya koyo da abin da aka gaya masa, da abin da ya ga ya yi aiki yake koyo. Idan yaro ya yi tsalle ya faɗa wa gwani, gwani kuma ya ƙi tare shi don tausayi, abin da ya zauna a yatsun yaron shi ne tsalle hanya ce. Zai maimaita sau ɗari, ya zame masa jiki. Ranar da ya je Magarya ko Damagaram ya gamu da wanda bai san shi ba, a can zai biya bashin, da riba, kuma ba zai gane dalili ba, tunda abin da yake yi a gida ne ya yi. Bayan haka akwai raini a ɓoye cikin irin wannan tausayi. Mai barin ka ka ci ya riga ya yanke cewa ba za ka iya ɗaukar gaskiya ba, ya yanke kuma ba tare da ya tambaye ka ba.

To, amma kayarwa ma iri biyu ce, kuma a nan mafi yawan masu taƙama da tsanani suke ɓata. Akwai kayen da ɗan koyo zai iya karantawa, akwai wanda duhu ne kawai. Gwanin da ya jera wa yaro bugu goma sha biyar don rumfa ta yi sowa, kansa ya yi wa aiki. Wanda kuwa ya tsaya wuri ɗaya, duk lokacin da yaron ya yi tsalle ya tare shi da bugu guda, shi ɗin dai, har sau bakwai, ya ba shi darasi ko bai ce uffan ba. A karo na takwas yaron zai tsaya a ƙasa ya yi tunani. Gwani yana iya rage makamansa, ya ce: "Ƙane, yau maɓalli biyu kaɗai zan taɓa." Wannan sassauci ne, amma a fili aka yi shi, don haka idan yaron ya ci ya san abin da ya ci.

Tarihin wasan ya goyi bayan wannan. A 2004, a gasar Evo a Amurka, Daigo Umehara na Japan, saura masa ƙiris ya faɗi, ya kare bugu 15 a jere daga Justin Wong sannan ya rama ya ci. Karewa ce ta sa aka san wannan karawa a duniya. A 2019 kuma Arslan Ash, saurayi daga Lahor ta Pakistan wanda ya tashi a ɗakunan wasa na unguwa, ya ci Evo ta Japan da ta Amurka a Tekken 7, ya kuma sanar da duniya cewa a ƙasarsu akwai gwanaye da yawa irinsa. A cikin masu kayar da shi ya girma.

Malamin makaranta ya san wannan rumfa, domin a cikinta yake kwana. Ɗaga maki daga 7 zuwa 10 bisa 20 don kada ɗalibi ya karaya, barin shi ne ya ci da tsalle. Takardarsa ta BEPC kuwa za ta faɗa hannun wanda bai san sunansa ba. A ɗaya gefen ga shiftar Faransanci, inda ake zare maki a kan kowane kuskure har a kai sifiri. Yaron da ya yi kuskure 40 a watan Oktoba, ya dawo 14 a watan Maris, sifiri yake gani duka biyun. Ya yi tafiya mai nisa, jan biro ya ce masa bai motsa ba.

A wuri ɗaya ne misalin ya gaza, kuma wurin yana da nauyi. A rumfa, wanda ya faɗi dala biyar ce ta tafi, ya sake ɗaukar abin wasa. A makarantar karkara, maimaita aji na iya zama ƙarshen karatu: namiji a ce ya koma gona ko ya tafi ci-rani, mace a fara maganar aurenta. Malamin da ya ɗaga maki sau da yawa wannan yake hange, kuma ba daidai ba ne a kira shi maƙaryaci a wuce. Abin da ya haɗa ne ya kamata a raba. Maki shaida ce, sai a rubuta shi yadda yake, a rubuta adadin kurakurai kusa da shi don yaro ya ga inda ya taso. Wucewa zuwa aji na gaba kuwa shawara ce ta majalisar malamai, ana iya yin ta da rahama, a gaban kowa, a gaya wa yarinyar da mahaifinta cewa 8 ta samu, an wuce da ita, ga kuma abin da ya rage mata kafin watan Yuni.