Ina Tsawon Ya Tafi?

Bindigar sojan Amurka M16 da ta sojan Ostiriya Steyr AUG tsawon bututunsu ɗaya ne, milimita 508. Amma in ka jingina su a bango, M16 takan kai kusan mita guda, AUG kuwa a santimita 79 ta tsaya. Kusan taƙi guda ya ɓace, alhali ba wanda ya sa zarto ya rage bututu.

Sirrin yana gindi. A bindigar da kowa ya saba gani, daga kafaɗa zuwa hannu katako ne zalla, ba shi da aikin da ya wuce tokare kafaɗa. Gaba da shi sai kunama, sai injin ɗani da gidan harsashi, sannan bututu. Wasu maƙera suka ga katakon nan zaman banza yake yi, sai suka tura injin da gidan harsashin baya, suka cusa su a cikinsa, kunama ta koma gabansu. Wannan ƙira ita ake kira bulfof. Ba sabuwa ba ce, tun 1901 wani mai suna Thorneycroft ya gwada ta a Birtaniya, amma ba ta kama ƙasa ba sai a ƙarshen shekarun 1970 da Ostiriya da Faransa suka ba sojojinsu ita, Birtaniya ta bi sahu a 1985.

Yau inda gardamar bulfof ta fi zafi ba bariki ba ne. Tsakanin masu bindigar iska ne, mutanen da ke kashe ɓeraye a rumbunan manoman Ingila, da masu bin zomo da kurege a gefen gona, da masu harbin takarda ranar hutu. Bindigar iskar da ake magana a kai ba mai sifirin ba ce, wadda ake karyawa a ɗana. Mai tanki ce, ana ɗura mata iska har bar 200 ko 250, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take sha. Kowane harbi, ƙaramar guduma ta bugi bawul, iska kaɗan ta fito ta tura 'yar dalma mai kaurin milimita 4.5 ko 5.5 ko 6.35. A irin wannan bindiga tsawon bututu riba ne, domin muddin dalma na cikinsa iska na tura ta. Dogon bututu yana ba da ƙarin ƙarfi, ko ya ba da ƙarin harbi kafin a sake ɗuri. Saboda haka da kamfanin EDgun na Rasha ya fito da Matador, Kalibrgun na ƙasar Cek ya fito da Cricket, mutane suka ga abin da suka daɗe suna nema: dogon bututu a jikin da zai shiga jakar goyo.

Mai son bulfof yana da hujja, kuma hujjar a jiki ake jin ta. Ɗauki bokitin ruwa ka rungume shi a ƙirji, sannan ka miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma ba ka minti guda a miƙe. Nauyin bulfof a ƙirji yake, tsakanin hannu da kafaɗa. Mutum zai yini da ita a hannu bai gaji ba, zai juya da ita a ƙuntataccen rumbu ba ta bugi ginshiƙi ba, zai ɗaga ta a cikin bukkar fako ba ta kaɗa ganye ta kori abin da ake fako ba.

Sai dai wannan sauƙin shi ne abin da ɗaya ɓangaren ke kuka da shi. Bututun da ba shi da nauyi a gaba ba ya zama wuri ɗaya. Numfashi kaɗan, bugun zuciya kaɗan, sai ka ga bakin bindiga na rawa. Masu gasar Olamfik ta harbin mita 10, waɗanda aka yarje musu bindiga har mai kilo 5.5, da gangan suke ɗaura ƙarin ƙarfe a bakin bututu, don abu mai nauyi a nesa da jiki ba ya saurin motsi. Abin da mai yawo a gona ke gudu, shi mai gasa ke saya da kuɗinsa. Daga nan za ka gane yawancin gardamar ba a kan bindiga take ba, a kan aikin da kowa ke yi da ita ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma akwai wuraren da ba zancen ra'ayi ba ne, biya ake yi. Na farko kunama. A doguwar bindiga kunama tana dab da ƙugiyar da ke riƙe da guduma, yatsa ya ja, ƙugiya ta saki. A bulfof ƙugiyar ta yi ƙaura zuwa kusa da kafaɗa, yatsa kuwa yana gaba, dole a haɗa su da siririn sandan ƙarfe. Kowace mahaɗa tana da ɗan lilo, kuma mai harbi yana so ya san daidai lokacin da za ta tashi, ba ya yi ta ja yana jira ba. Ƙwararrun maƙera sun gyara wannan har ba a cika ji ba, kunamar bulfof ɗin Taipan Veteran ma yabonta ake yi. A masu araha kuwa sandan nan yana nan, yatsa na ba da labarinsa.

Mariƙin ɗani ma baya ya koma. A Matador da Cricket na farko, kusa da kunne yake. Ka yi harbi, sai ka ɗaga kunci, ka lanƙwasa hannu zuwa bayan muƙamuƙi ka ja, ka dawo ka sake neman abin da kake auna. Ga mai harbin takarda wannan ba komai ba ne, takarda ba ta gudu. Ɓera na biyu kuwa ba ya jira.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne madubin saiti. A doguwar bindiga katakon gindi yana gangarawa ƙasa, kunci ya sauka a kai, ido ya zo kusa da layin bututu, don haka madubi yakan zauna kamar santimita 4 zuwa 5 a saman bututu. A bulfof kuncinka a kan injin yake, wato a kan layin bututun kansa. Ido ba zai nutse cikin ƙarfe ba, dole a ɗaga madubi ya same shi, sai ka ga tazarar ta kai santimita 7 ko fiye. Ido na kallo ta sama, dalma na fita ta ƙasa, kuma layukan biyu ba sa haɗuwa sai an yi 'yar tafiya. A mita 25 ko 30, inda aka saba daidaita saiti, lafiya lau. A mita 5 kuwa dalma tana sauka ƙasa da inda aka auna da yatsu biyu ko uku, kan ɓera kuwa bai wuce haka ba. Ka ga bindigar da aka saya musamman don aikin cikin rumbu, ita ce ta fi saɓa wa ido a tazarar cikin rumbu. Wanda ya san bindigarsa yakan auna sama kaɗan, wasu har sukan manna 'yar takarda a murfin madubi, an rubuta yawan ɗagin da kowace tazara ke so. Ga shi kuma tsayin da bulfof ta yi daga sama zuwa ƙasa yana sa ta karkata gefe ba a sani ba, shi ya sa da yawa ke ɗaura mata ɗan ma'aunin ruwa irin na magina.

Tsawon dai bai ɓace ba. An ɗauke shi daga gaban mutum an ajiye a gefen fuskarsa, har bugun gudumar ma a cikin ƙashin kunci yake jin sa. Wannan ne abin lura, kuma bai tsaya ga bindiga ba. In aka kawo maka abu aka ce an taƙaita, an sauƙaƙa, an rage, to akasari gaskiya aka faɗa, amma rabinta. Mai talla zai nuna maka inda aka cire, ba zai nuna maka inda aka kai ba. Kowane allazi da nasa amanu, sai dai ba kullum ne mai cin allazin ke biyan amanun ba.

Dubi bahago. A bindigar soja, kwanson harsashi yana fita ta gefen dama. A doguwar bindiga ramin fitar yana gaba da fuska, bahago yakan lallaɓa. A bulfof ramin yana daidai kuncin wanda ya sa ta a kafaɗar hagu. AUG da FAMAS ta Faransa ana iya sauya musu gefe in an kwance an canza wasu sassa. SA80 ta Birtaniya kuwa ba a yi mata wannan tanadi ba, duk sojan da aka ba shi ita da kafaɗar dama zai yi harbi, ko da hagu aka haife shi. Waɗanda suka zana ta sun sami gajartar da suke so, mutum ɗaya cikin goma ya biya da sake koyon hannu. Bindigar iska ba ta tofar da kwanso, amma gidan dalma yakan turo ta gefe guda, mariƙin ɗani yana gefe guda, matashin kunci ma wani lokaci gefe guda aka sassaƙa. A ganina nan ake gane maƙerin kirki, ko ya tuna da wanda ba ya ɗakin sa'ad da ake zane.

Doka ma tana da hannu a abin da mutane ke kira zaɓinsu. A Ingila bindigar iskar da ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 sai da lasisin makami, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Wanda doka ta tsayar a jul 16 ba ya bukatar bututu mai tsawo sosai, gajeriyar bindiga mai ƙirar da aka saba ta ishe shi, shi ya sa tsofaffin maharban Ingila da yawa ke ganin bulfof maganin ciwon da ba su da shi ne. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta sa wa ƙarfin iyaka ba, ana neman ninkin wancan sau uku ko biyar, ana sa bututu mai santimita 60 ko 70. Ƙara gindin katako da abin rage ƙara a kan wannan, ka ga sandar da ba ta shiga mota sai a karkace. A can gajartar ba ado ba ce. FX Impact ta Suwidin, wadda ake sauya wa bututu da girman dalma, a wannan kasuwa ta yi suna.

Maƙera ba su zauna ba, sun bi koke-koken ɗaya bayan ɗaya. Bindigogin Vulcan da FX Wildcat suka dawo da mariƙin ɗani gaba, saman hannu, a ɗana ba a ɗaga kunci ba. Air Arms ta Ingila ta fito da Galahad a 2016 da mariƙin da ake mayarwa dama ko hagu. Sai dai mariƙin da ya dawo gaba, injinsa yana nan baya, don haka an ƙara wani dogon sandan a ciki, da mahaɗarsa, da kuɗinsa. Daystate kuwa ta bi ta wata hanya a Pulsar ta 2015. Ta cire sandan kunama ɗungurungum, ta mayar da kunamar makunnin lantarki, waya ce ke kai saƙo baya. Waya ba ta lilo, kuma ba ruwanta da nisa, kunamar ta fito tsaf yadda ake so. Mai ita dai sai ya riƙa duba batir kafin ya fita, don in ya mutu a bakin rumbu, ko tanki na cike da iska bindigar ba za ta tashi ba.