Gyatsar Saniya da Amanar Adamu

Ko ya wajaba mai bi ya bar cin nama domin zafin duniya yana ƙaruwa? Masu bi a Turai sun daɗe suna wannan tambaya, ga ta kuwa ta iso wurinmu.

Ga tushen maganar. A cikin tumbin dabbobi masu tuƙa, wato saniya da tunkiya da akuya, akwai ƙananan halittu masu ruɓar da ciyawa. Daga aikinsu wata iska mai suna mitan take fita, yawancinta ta wurin gyatsa. Wajen shekara 12 take yi a sama, amma in an auna bisa shekara 100, tana riƙe zafi kamar sau 28 fiye da iskar da ƙona fetur yake fitarwa, nauyi da nauyi. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14.5 cikin 100 na iskokin nan da mutane suke jawowa daga kiwo suke.

Nama ba zunubi ba ne, gama Allah ya halatta shi ga Nuhu (Farawa 9). Amma tun kafin Nuhu an sa Adamu cikin gona domin ya nome ta, ya kuma tsare ta. Izni bai kashe amana ba.

To, wa za ya rage? Mutumin Amurka yakan ci fiye da kilo 100 na nama a shekara, ɗan Nijeriya kuwa bai kai 10 ba. Gwauruwar da 'ya'yanta ba su ganin tsoka sai ran Kirsimati, kada kowa ya ɗora mata wannan kaya. Maganar tana kan mai albashi wanda ba ya kwana sai da tsire, da mu shugabanni da muke auna darajar biki da yawan shanun da aka yanka.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a mai da wannan sani sandar dukan makiyayi. Jinin da ya zuba tsakanin manomi da Bafillace ya isa. Saniyar da ta sami harawa da dusa da magani takan ba da nono mai yawa, mitan ɗin kowace ƙwarya kuwa ya ragu. Manomi yana da harawa, makiyayi yana da taki, kakanninmu kuwa sukan yi musanyarsu bayan girbi ba tare da alƙali ba.