Katin Kirsimeti a Lokacin Tsoro: Ko Ƙarya Muke Rubutawa?

'Yan'uwana cikin Almasihu, idan hunturu ya shigo, an gama girbin dawa, yaranmu sukan zauna a bayan majami'a da almakashi da tsohuwar kalanda. Sai su yanka takardar, su ninka ta biyu, su zana tauraro ko komin dabbobi a farin bayanta, su shafa shuni da jar ƙasa. Ruwan ƙaro ne abin manninsu. Daga nan a ɗaura igiyar rama tsakanin ƙusa biyu, a rataya katunan a jere, kowane ɗauke da kalmar salama.

Wani dattijo ya dubi wannan igiya, ya ce mini: "Malam, muna koya wa yara ƙarya. Wace salama ce a Faskari da Sabuwa, inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa?" Tambayar tana da nauyi, kuma mai yin ta ba marar bangaskiya ba ne. Dukanmu mun tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka tafi da ɗalibai fiye da 300, saura mako biyu Kirsimeti. An sako su bayan kwana 6, amma tsoron ya zauna a gidaje da yawa.

To, mene ne gaisuwa? Baƙo yakan tsaya a bakin zaure ya yi sallama. Ba labarin gari yake bayarwa ba. Yana shaida wa maigida cewa shi dai da alheri ya zo, kuma ba ta hannunsa cuta za ta shiga gidan ba. Gaisuwa addu'a ce, kuma alkawari ce. Saboda haka wanda ya rubuta salama a kati ya ɗaure kansa ne ga wanda ya aika wa. Gaskiyar katin ko ƙaryarsa tana ga abin da marubucin zai yi gobe.

Mu tuna kuma cewa Kirsimeti na farko bai zo a lokacin kwanciyar hankali ba. Luka ya nuna mana Maryamu ta haihu inda babu masauki. Matiyu ya ba da labarin Hirudus da kisan yaran Baitalami, da yadda Yusufu ya tashi da dare ya gudu Masar da iyalinsa. Wanda ya taɓa barin ƙauyensa da tabarma a ka ya san wannan tafiya. A cikin irin wannan duniya mala'iku suka yi shelar salama.

Katin da ake bugawa a inji ya fara ne a Landan a 1843, sa'ad da Henry Cole ya sa aka buga masa guda 1,000. Amma tun a 1223 Waliyyi Faransis na Asisi ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki a ƙauyen Greccio na Italiya, domin talakawa su ga da idonsu talaucin da Ɗan Allah ya zaɓa. Katin bayan kalanda ya fi kusa da ciyawar Faransis, gama abin da ke hannun talaka ne aka miƙa.

Duk da haka dattijon yana da gaskiya a wani wuri. Manzo Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi abinci ba. Idan katinmu ya tafi wurin gwauruwar da aka kashe mata miji, ko iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Funtua, mu haɗa shi da mudun masara. Idan mun rubuta salama alhali ba ma gaisawa da ɗan'uwanmu saboda iyakar gona, to, a nan ne muka yi ƙaryar da dattijon yake tsoro.

Shawarata ita ce kada katunan su tsufa a kan igiya. Bayan Misar Kirsimeti, kowane gida ya sauke biyu. Ɗaya a kai wa maƙwabci Musulmi, wanda yake aiko mana da naman Sallah, wanda kuma harsashi bai bambanta ɗansa da namu ba. Ɗayan kuwa a kai wa wanda muka fi jin nauyin shiga gidansa. Wannan na biyu shi ne mai wuya.

A 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa makiyayinsa na farko. Ikklisiya ce ƙarama a tsakiyar jama'a mai yawa, kuma maƙwabtanmu ta halinmu za su auna abin da muke rubutawa.

Ubangiji ya tsare gonakinmu da hanyoyinmu, ya komo da waɗanda ke hannun mutanen daji, ya ba mu ikon cika alkawarin da yaranmu suka rataya a igiya. Amin.