Bayani A Kan Haƙƙin Dabbar Da Ke Taya Masassaƙi Zama

Da sunan Allah muke farawa, wanda Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu da mai fiffike, Ya kuma ɗauki nauyin arzikinsu baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai duba wannan takarda, Allah Ya buɗa ƙirjinka, ka sani mas'alar da za mu tattauna ƙarama ce ga ido, har wani ya ce ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Ga ta: dabbar da ba ka hawa, ba ka tatsa, ba ka yankawa, iyakarta dai tana kwance kusa da kai kana aiki, shin tana bin ka bashi? In tana bi, bashin me ne, kuma yaushe ake biyansa?

Fasali na farko, cikin bayanin kewar mai sassaƙa

Idan ka bi ta Saulawa ko ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan da rani, bayan an kai amfanin gona gida, za ka tarar da masassaƙi a gefen gari, ƙarƙashin rumfa ko gindin itace. Gabansa gungumen ƙirya ne da zai zama turmi, ko reshen aduwa da zai zama allo, ko ƙotocin fartanya da manoma za su nema kafin ruwa ya sauka. Aikinsa na shiru ne. Mahauci yana da masu jiran nama, wanzami yana da kan da yake aske yana ba shi amsa, shi kuwa masassaƙi tun hantsi har la'asar ba abin da ke amsa masa sai amon gizago. Kuma ba ya iya sakin ido ya yi hira yadda ya ga dama, domin gizago ba ya bambanta itace da ƙafar mai shi.

Saboda haka ne kake ganin kyanwa a wurinsa, ko 'yan tattabaru suna kiwo cikin sassaƙe. A shagunan kafintoci na cikin Ikara da Makarfi kuwa, wani lokaci har da aku cikin keji, ko kare mai gadin katako da dare. Dabba tana ba mai aiki abin da mutum bai cika iya bayarwa ba, wato zama tare ba tare da neman magana ba.

Kuma ka sani wannan zama tsoho ne ƙwarai. A shekarar 2004 masu tonon kufai suka bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara wajen 9,500, mutum ne a ciki da kyanwa an binne ta dab da shi. Masana suna ganin ba kamo kyanwa aka yi ba tun farko. Mutane ne suka fara tara hatsi, ɓeraye suka taru, ita kuma ta biyo ɓera daga daji har ta saba da mai rumbu. Wato da ƙafarta ta zo, kamar baƙo. Riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Fasali na biyu, cikin bayanin bashin

Akwai wani dattijo masassaƙi a Saulawa, wata kyanwa ta zo rumfarsa cikin hunturu tana 'yar ƙarama, ta shige cikin turmin da bai gama raraka ba ta kwanta. Bai kore ta ba, sai ya jawo wani gungumen ya ci gaba da aiki. Ta zauna shekaru, tana kama masa ɓera, tana cin ragowar tuwonsa. Da ta tsufa haƙoranta suka zube, ɓera ya riƙa gilmawa ta gabanta tana kallo. Sai yaronsa ya ce: "Baba, wannan ta gama amfani. A sa ta a buhu in kai ta bayan rafi, mu samo ƙarama." Dattijon ya ajiye gizago ya ce: "Yaro, shekara tara tana jin maganata, ba ta taɓa kai ta gaba ba. Ni kuma ranar da hannuna ya kasa ɗaga wannan, wane buhu ka tanadar mini?" Tun daga ranar shi ke jiƙa mata tuwo da ruwa har ya yi laushi, har ajalinta ya zo.

To, ya ɗan'uwa, dattijon nan bai yi zurfin karatu ba, amma ya faɗa kan abin da manyan malamai suka rubuta. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira shekara ta 660 bayan Hijira, wato 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Abin da ya fara da shi kuwa shi ne ciyar da su gwargwadon abin da irinsu ke bukata, ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Sa'an nan ya ambaci kada a aza musu abin da ba su iyawa, kada a haɗa su wuri ɗaya da abin da zai cuce su, a kyautata makwancinsu da mashayarsu. Lura da sharaɗin farko. Ciyar da dabba tana da ƙarfi ciniki ne, kowane mai wayo yana yi. Wurin da ake gane mai amana shi ne bayan amfani ya yanke.

Idan ka ce: jaki ya yi dako, saniya ta ba da nono, sun ci guminsu, ita kuwa wannan me ta yi? Sai mu ce: ɗebe kewa aiki ne, ko da ba a auna shi da mudu. Wanda ya taɓa wuni shi kaɗai da baƙin ciki a ransa ya san farashinsa. Ka karɓa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Bayan wannan akwai dalili mafi ƙarfi, shi ne sabo. Ranar da ka fara jefa mata loma ka fara rage mata dabarar neman na kanta. Shekara bayan shekara ta bar farauta a nesa, ta manta hanyar wasu gidaje, ta mai da rumfarka duniyarta. Kai ne ka sauya ta, don haka nauyin abin da ta zama yana wuyanka. Hausawa suna cewa sabo turken wawa, to a nan dabba ce ke ɗaure, kai ne ka kafa turken.

Ya inganta a hadisi, a wurin Buhari da Muslim, cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duba da kyau, ba a ce ta doke ta ba. Ƙofa ta rufe, ta juya baya. Yanzu ka tuna kafintan da zai sa kwaɗo a shago ranar jajibirin Salla, ya tafi kwana uku, kyanwa na ciki, ko aku na rataye babu ruwa a gwangwaninsa. Bai yi nufin mugunta ba, mantuwa ce. Amma ƙishirwa ba ta tambayar niyyar wanda ya rufe ƙofa.

Daga cikin biyan bashin nan akwai kiyaye ta daga sharrin sana'arka. Ka share ƙusoshi da tsinin katako daga inda take kwanciya. Ka rufe gwangwanin gam da fenti da maganin gara. Kada ka zuba maganin ɓera inda take, domin guba tana iya kai mata ta cikin ɓeran da ya ci. Kunnenta ya fi naka ji nesa ba kusa ba, don haka in za a ta da injin yanka katako a bar mata hanyar fita. In ta yi ciwo kada ka ba ta maganin mutane, musamman farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ka nemi malamin dabbobi.

Fasali na uku, cikin bambanci tsakanin baƙo da fursuna

Mun ce kyanwa da ƙafarta ta zo. Tattabara ma kullum ana buɗe mata, ta tashi ta kewaya gari ta komo. Waɗannan zamansu da kai akwai yarda a cikinsa, gwargwadon yardar da dabba ke iyawa. Aku kuwa labarinsa daban ne. Wannan tsuntsu mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, yana tashi cikin garke, yana sheƙa a kogon manyan itatuwa. Kamun da ake yi masa don sayarwa, da saran itatuwan da yake kwana, sun rage shi ƙwarai, har masu bincike suka ƙiyasta cewa a ƙasar Gana ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 daga shekarar 1992. A 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye a hannun mutum, kuma an san shi da fige gashin jikinsa da bakinsa idan kaɗaici ya yi masa yawa.

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu matuƙar ana ciyar da shi, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Maliki, yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana ba. Ba mu ja da wannan. Sai dai bayan halal akwai kyautatawa, kuma ga tambaya ga mai hankali: ka ji zafin kewa, sai ka magance taka da jefa wani rai cikin wadda ta fi ta? Kai kana tashi da magariba ka tafi wurin iyalinka, shi yana nan inda ka rataye shi. Kuma da hannunka ka ƙera kejin, ya kai kafinta. In yana hannunka tun da, kada ka sake shi a nan, domin ƙasarmu ba tasa ba ce, halaka zai yi. Ka faɗaɗa masa wuri, ka sa shi a inuwa, ka yawaita zama kusa da shi. Amma kada ka sayi wani, domin kowane saye kira ne ga mai tarko ya koma kurmi.

Kare kuwa, mazhabarmu ta ƙi a ajiye shi a gida don sha'awa kawai, ta yi rangwame ga na kiwo da na gona da na farauta. An kuma ruwaito cewa mai Risala da kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu 386 bayan Hijira, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. To in bukata ta sa ka ajiye shi ya tsare maka katako, ma'aikacinka ne. Kada ka ɗaure shi a rana, kada ka bar shi da ƙishi, ka kai shi a yi masa allurar rigakafin hauka, domin a cikinta akwai kiyaye ransa da na yaran unguwa. Ka tuna mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Fasali na huɗu, cikin amsar mai musu

Idan ka ce: mutane na kwana da yunwa, almajiri na tsaye a ƙofa, kai kana zancen tuwon kyanwa? Sai mu ce: ka faɗi gaskiya cewa ɗan Adam ne a gaba, in loma ɗaya ta rage to tasa ce. Amma da wuya a ga gidan da kyanwa ta talauta. Abin da take ci ƙanzo ne da ƙayar kifi. Kuma mutanen da ba su ga cin karo tsakanin biyun ba. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya gina masallaci da makaranta, ya kuma bar wata gona wakafi don kyanwoyin Alƙahira marasa gida. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Lane, ya rubuta a littafinsa na 1836 cewa ko da abin da gonar ke kawowa ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, alƙalin birnin yana sa a kawo musu abinci kowace la'asar a farfajiyar kotu.

Sai dai a cikin musun nan akwai gargaɗin da bai kamata a wuce shi ba. Ana samun maigida mai shafa bayan kyanwa da hannun dama, yana marin yaron shago da na hagu. Yana ɓare wa aku gyaɗa da rake, yaron da ya wuni yana jan zarto kuwa bai ga kuɗin abincinsa ba. Irin wannan ba tausayi ke gare shi ba, son abin da ba ya yi masa gardama ne. Dabba tana da sauƙin so, ba ta neman lada, ba ta tuna maka alkawari. In jinƙanka ya tsaya ga wanda ba ya magana, ka tuhumi zuciyarka. Dattijon Saulawa da ya ƙi jefar da kyanwarsa, da wannan maganar ya koya wa yaronsa yadda ake riƙe tsoho, kuma duk wanda ya zauna rumfarsa ya san kwano ɗaya suke ci da yaron.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka jefa wa wata dabba lomar farko a wurin aikinka, ka tambayi kanka abu biyu. Wa zai ba ta ruwa ranar da na yi tafiya? Zan iya riƙe ta ranar da ta daina ba ni dariya? In ka sami amsa, riƙe ta, akwai lada cikin kyautata wa duk mai rai. In ba ka samu ba, bar ta ta wuce gaba tun ba ta saba ba. Kuma kowace magariba, kafin ka sa kwaɗo, ka leƙa ciki ka ga wa ka bari.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya yafe mana haƙƙin da muka danne na waɗanda ba su da bakin kai ƙara. Wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya kwafa ya yi mana addu'a. Allah ne mafi sani.